Cediyar Zauren Baba

Ɗakin da na kama tun ina Zariya, ashe babu shi a duniya. Na gano haka ne ina tsaye a ƙofar wani gida a unguwar Dagenham ta Landan, akwatunana a gefe, ruwan sama na bi ta wuyan rigata. Matar da ta buɗe ƙofar 'yar Najeriya ce, da goyo a bayanta. Ta kalli hoton ɗakin a wayata, ta ce ai ɗakin 'ya'yanta ne, kuma ba ni ce ta farko da aka turo mata da wannan hoton ba. Mutumin da na tura wa kuɗin haya, wanda ya yi ta kirana 'yar'uwa yana rantse-rantse, lambarsa ta daina shiga. Ban yi kuka ba. Haushi ne ya cika ni, ni kuwa in haushi ya kama ni, hawaye ba sa samun hanyar fita.

Matar nan ba ta san ni ba, ba addininmu ɗaya ba, amma ta shimfiɗa mini bargo a falonta. Na kwana a can har Juma'a ta zagayo, na nemi masallaci. A sashen mata na ba wata dattijuwa labarina, ita kuma ta ja hannuna ta kai ni gaban wata mata mai jiki da gyale ruwan ƙwai, ta ce ga Mma Memuna, tana da ɗan ɗaki a Catford da ba kowa a ciki.

Mma Memuna 'yar zangon Kumasi ce, ta daɗe a Landan tana sayar da atamfa da kayan miya a kasuwar Deptford. Ta dube ni sama da ƙasa, ta taɓa hannun rigata.

"Kai yarinya, da wannan riga ka zo London? Sanyi zai kashe ka. Tashi mu je, ka ci abinci tukuna."

Haka take magana da kowa, mace da namiji duk kai ne a wurinta. A ranar na koma gidanta, na samu gado da coat ɗin 'yarta da ta yi aure.

Bari in faɗi abin da ya kai ni. Mahaifinmu magini ne a cikin birnin Zazzau. Gidaje da yawa ya gina wa mutane, amma zauren gidanmu shi ne abin da ya zuba wa ransa. Da tubalin ƙasa ya yi shi, ya jera azara ya tanƙwara baka daga wannan bango zuwa wancan, har baƙi kan tsaya su ɗaga kai kafin su yi sallama. Duk shekara idan damina ta wuce sai ya sake masa yaɓe. Ni kuma tun ina ƙarama aikina ɗaya ne: da an yi ruwan fari, in bi katanga in tsinke duk tsiron da ya leƙo. Baba ba ya wasa da wannan. A wurinsa, ciyawa a jikin bango shaida ce cewa masu gida sun mutu ko sun lalace, kuma ya fi son a zage shi a kasuwa da a ga ganye a kan zaurensa.

Baba ya rasu, Inna ta riga shi. Yayyena suka watse, wani Kaduna wani Abuja, aka sa wa gidan kwaɗo. Tsuntsu ya yar da ƙwallon cediya a kan rufin zauren, dab da indararo, ba mai tsinkewa. Kafin mu farga ta zama bishiya, ta fi mutum tsayi, saiwoyinta sun gangaro ta bango.

Babban yayanmu, Yaya Lawal, ya samu masu son sayen filin su gina shaguna. Ba mugu ba ne, iyali gare shi, kuma gaskiya ce ginin ƙasa ba ya ƙoshi da gyara. Ni kuwa na ce sai dai bayan raina. A lokacin na gama karatun zanen gine-gine, na kuma samu tallafin zuwa Landan in koyi gyaran tsofaffin gine-gine. Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, ita ta raba mu. Ta yanke cewa a jira in je in dawo. Yaya Lawal ya yarda, amma da sharaɗi: idan zauren ya faɗi da kansa kafin nan, magana ta ƙare, za a sayar. Da wannan sharaɗin na hau jirgi, da shi nake kwana, da shi nake tashi.

Don haka tun daga makon farko na sa Yaya Lawal a gaba. In na kira, bayan gaisuwa sai maganar cediya. A tumɓuke ta, a cire ta da saiwa kafin damina. Ya ce to. Wata ya wuce, ya ce to. Na bar masa saƙon murya har sai da matarsa ta fara kirana uwar cediya.

Sanyin farko ya ba ni wuya. Rana ta fito a makare ta koma da wuri, kamar ma'aikacin da ba ya son aikinsa. Na shiga bus na gaishe da wanda ke kusa da ni, ya tashi ya canja kujera. Asabar nakan bi Mma zuwa Deptford in taya ta jera doya da barkono, yatsuna su ƙage har in kasa ƙulla leda. Abin da na fi kewa ba abinci ba ne, don a Deptford har daddawa ana samu. Ƙamshin bangon ƙasa nake kewa, lokacin da ruwan fari ya taɓa shi. A Landan kullum ana ruwa, amma ba ya ƙamshin komai.

A makaranta akwai wani darasi da ban san da shi ba sai da na zo. Wata Bafaransa ce ke koyar da shi, Dokta Selin, siririya mai furfura, mai magana a hankali. Darasin kuwa a kan yadda Turawa ke kallon rusasshen gini ne, musamman masu zanen Faransa na da. Wata rana ta kwashe mu zuwa wani babban gidan ajiye zane-zane a tsakiyar gari, ta tsayar da mu a gaban wani zane mai faɗi. Wani ƙaton gini ne na dutse, rabinsa ya zube, baka ɗaya ya rage a tsaye. A kan bakan bishiya ta fito ta baje rassa, ganye mai yaɗo ya lulluɓe ginshiƙai, hasken yamma ya zubo ta inda rufi ya ɓurme. 'Yan ajinmu suka zuba masa ido, wata har da dafe ƙirji.

Dokta Selin ta ce masu zanen nan suna ganin kyau a yadda daji ke karɓe abin da mutum ya gina. Ta ce har masu kuɗinsu kan sa a gina musu sabon kango a lambu, a dasa masa ciyawa, don su riƙa zama suna kallo. Na zaci ban ji Turancin da kyau ba ne, sai da na sake tambaya. Da ta tabbatar mini, na ce to ina masu wannan gidan da ke cikin zanen, ba su da 'ya'ya ne? Aji ya yi dariya. Ni ba wasa nake ba.

Bayan darasi ta tsayar da ni, ta ce in gaya mata abin da ya ɓata mini rai. Na ciro waya na nuna mata zauren Baba da cediya a kansa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce ba ta taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, dubi yadda saiwar ta rungume bango. Na ji kamar na nuna wa mutum ƙurji a wuyan mahaifina ya ce launinsa ya burge shi. Na karɓe wayata na fita ban yi mata sallama ba.

Ta ba mu aikin rubutu a kan zane ɗaya, kowa ya zaɓa. Na zaɓi wannan mai bishiya, na zauna na wanke shi tas. Na rubuta cewa sai wanda bai taɓa kwana a ɗaki mai yoyo ba ne zai yaba wa kango, cewa a garinmu kango wurin macizai ne da abin kunyar zuri'a. Na ji daɗin rubutun nan ƙwarai. Ta dawo mini da shi ba maki, ta ce na yi wa zanen faɗa da kyau, amma ban kalle shi ba. In koma in kalla, in sake rubutawa.

Komawa kam na koma, sau da yawa ma, domin shiga gidan zanen kyauta ne kuma akwai ɗumi a ciki. Akwai benci a gaban zanen. Nakan zauna a kai in juya masa baya in yi karatuna.

Gidan Mma Memuna na council ne, wato na hukumar unguwa, da ɗan fili a baya inda take shanya. Tsakaninta da maƙwabciyarta, wata tsohuwar Baturiya mai suna Doris, akwai tsohuwar katangar jan bulo. Wannan ganye mai yaɗo da suke kira ivy ya rufe katangar ruf, ba ka ganin bulo ko ɗaya. Tun ranar da na shigo gidan abin ke min ƙaiƙayi a ido. Duk safiya in na leƙa ta taga sai in ji kamar Baba na tsaye a bayana yana jira ya ga abin da zan yi. A makaranta an taɓa gaya mana cewa ba a fizgar tsiro daga tsohon bango, na ji da kunne ɗaya, na sa shi cikin lalacin mutanen da ke zana kango su rataye a falo.

Da sanyi ya fara sauƙi, wata Lahadi Mma ta tafi suna a Dagenham. Na ce yau zan saka wa matar nan da alheri, ta dawo ta ga katangarta fes. Na ɗaura zani, na fara daga ƙasa. Ƙananan rassan suka biyo hannuna ba gardama, har ina 'yar waƙa. Sai na iso ga uwar, mai kaurin hannun yaro, ta shige cikin bulo ta ƙi motsi. Na kwance igiyar shanyar Mma na ɗaura mata, na taka katangar da ƙafa ɗaya, na yi bisimilla na ja da duk ƙarfina.

Ta taho. Katangar ma ta taho tare da ita. Rabin sama ya ɓalle, wani ya zubo ta wajena, mafi yawa ya rufta cikin furannin Doris. Na faɗi zaune, ƙura ta rufe ni, tafin hannuna ya tsage.

Da ƙurar ta lafa na matsa na duba. Abin da ke tsakanin bulo da bulo ya daɗe da zama rairayi, da yatsa ma kana kwashe shi. Saiwar ce ta bi kowace kafa ta ɗinke bulon. Ita ta cinye katangar, wannan gaskiya ne, amma bayan ta cinye, ita ce kaɗai ta rage tana riƙe da ita. Ɓangaren da hannuna bai kai ba yana nan tsaye da ganyensa.

Doris ta fito da sandarta. Na shirya jin zagi da kiran 'yan sanda. Ta kalli furanninta, ta kalli hannuna, ta koma ciki ta fito da tsumma da ruwan ɗumi, ta kamo hannuna ta kan ɓaraguzan ta ɗaure mini. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko na ga sheƙar tsuntsu a cikin ganyen. Mma ce ta dawo ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo, ka kashe ni. In council ya ji, za su ce na ɓata property. Ina zan je da tsufa?"

Na ce mata ni zan gina, da hannuna, kafin kowa ya ji. Ina cikin faɗin haka sai na tuna saƙon da Yaya Lawal ya turo mini kwana biyu da suka wuce. Ya ce in kwantar da hankalina, ya gaji da mita. Ya samu mai a-kori-kura da igiya mai kauri, ranar Asabar ta mako mai zuwa za a ɗaura wa cediya a ja ta da mota a huta. Har na tura masa godiya da addu'a.

Na kira shi da hannun da ba ciwo. Na ce Yaya don Allah a dakata, kada a ja, in aka ja bakan zai biyo ta. Ya yi wata dariya da ba ta daɗi ba.

"Bilki, ke fa kika hana ni sakat tun da kika tafi. A cire, a cire. Yanzu na yi magana da mutane, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ki ce a bari? Ni abin wasanki ne?"

Na yi masa bayanin katangar Catford. Ya ce katangar Turawa daban, ta Zazzau daban.

"Asabar za a ja. In ya tsaya, kin ci. In ya faɗi, ke kika ce a ja, kuma kin san sharaɗinmu."

Ya kashe wayar. Na kira sauran yayyena, kowa ya ce ba ya shiga tsakanina da babban yaya.

Washegari ban shiga aji ba. Ƙafata ce ta kai ni gidan zanen, ban san me na je nema ba, wataƙila wanda zan yi wa faɗa. Na zauna a bencin nan, wannan karon ina fuskantar zanen. Na fara da bishiyar, don ita na sani. Na bi saiwarta da ido, ta gangaro ta gefen bakan, ta shige tsakanin duwatsu, ta sake fitowa. Idona ya ci gaba da sauka har ƙasa, inda ban taɓa kai shi ba.

Ashe akwai mutane. Mata ne, ƙanana a gindin wannan ƙaton gini, sun duƙa suna wanki a wani kwarami. Sun ɗaura igiya daga ginshiƙi zuwa wani ƙarfe a bango, sun shanya fararen kaya. A lungu tukunya na kan wuta, hayaƙi na bin bango yana hawa. Ga akuya tana miƙa wuya ga ganye. Kuma a gefen da dutse ya tsage, wani ya kafa gungumen itace ya tokare shi. Wata da watanni ina zuwa wurin nan, haushin bishiya ya hana ni ganin mai gida. Na ɗauki hoton zanen da wayata.

Gwaggo Ladi ba ta da babbar waya, sai na yi kiran bidiyo a wayar surukarta, aka kai mata. Sunan kakarmu aka sa mini, don haka Gwaggo ba ta kiran sunana, Uwata take cewa. Na gaya mata komai, na roƙe ta ta yi wa Yaya Lawal magana. Sannan, don in nuna mata yadda saiwa ke riƙe baka, na tura hoton. Na ga ta kawo fuskarta dab da wayar tana ƙyafta ido. Ba ta ko kula bishiyar ba.

"Uwata, waɗannan matan fa, gidansu ne?"

Na ce ban sani ba Gwaggo, zane ne, kango ne na ƙasar Turawa.

"Wa ya ce miki kango ne? Ga shanya, ga tukunya a wuta. Kango shi ne inda ba mai hura wuta." Ta miƙa wa surukarta wayar, amma ina jin muryarta. "Lawal ba ya jin magana ta waya, tun yana yaro sai ya ga abu da idonsa. Ki bar ni da shi."

Ban san me take nufi ba, kuma ta ƙi ƙarin bayani. Kwanakin da suka rage na cika su da aiki don kada in haukace. Na tsince bulon ɗaya bayan ɗaya na kankare. A ɗakin gwaje-gwajen makaranta na roƙi farar ƙasa irin wadda ake gyaran tsohon gini da ita, na ɗauko a bus cikin jakar Mma ta kasuwa, direba na harara ta. Doris ta ba ni cokalin gini na marigayi mijinta. Ban taɓa jera bulo ba, amma na girma ina kallon hannun Baba, kuma na ja zare kamar yadda yake ja.

Ranar Asabar ina kan layi na uku na bulo, waya a aljihun coat, sai ta yi ƙara. Yaya Lawal ne, kiran bidiyo. Ko sallama bai yi ba.

"Ki zo ki ɗauke gwaggonki."

Ya juya kyamarar. Ga a-kori-kura a ƙofar gida, ga igiya a ƙasa, ga direba ya rungume hannu. An cire kwaɗo. A tsakiyar zauren Baba, daidai ƙarƙashin bakan, Gwaggo Ladi ce zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa. Ta kafa murhu a lungu, hayaƙi na tashi. Ta ɗaura igiya daga ƙofa zuwa taga ta shanya zannuwanta. Har akuyarta ta kawo ta ɗaure a bakin ƙofa. Tun da asuba ta sa aka kwaso mata kayanta a baro, ta ce ta dawo gidan yayanta da zama. Da direba ya ce Hajiya a ɗan fito za mu ja, ta ce ya ja abinsa, ita ba ta hana kowa aiki ba, amma a nan za ta sha kununta.

Na yi dariya har na zauna a kan bulo. Daga nan kuma tsoro ya kama ni, wanda ya fi na da. A da zaure kaɗai nake tsoron rasawa, yanzu ga tsohuwa a ƙarƙashinsa, ga damina a bakin ƙofa. Yaya Lawal ma abin da ya gani ke nan. Muryarsa ta sauko. Ya ce ta rantse ba za ta fita ba, to yanzu me za a yi kada ginin ya faɗo mata.

A tsaye a filin Mma, da farar ƙasa har gwiwar hannu, na jera masa. A nemo Malam Tanko, tsohon da ya yi aiki tare da Baba. A kafa gwafanni a tokare bakan tun kafin a taɓa ganye ɗaya. A hau da zarto a sare cediya reshe-reshe daga sama, ana saukewa da igiya, ba ja ba fizga. A bar kututturen da saiwar a inda suke, a shafe bakin da baƙin mai. A buɗe indararo ruwa ya samu hanya, a toshe tsagogi da kwaɓi. Saiwar kuma sai ta bushe, a riƙa zaro ta kaɗan-kaɗan ana cike gurbinta. Ya ce in maimaita a hankali. Tun da aka haife ni, ranar ce Yaya Lawal ya fara cewa in maimaita magana.

Daminar nan a Catford na yi ta, amma raina na Zazzau. Na gama katangar Doris, ta ɗan karkace a ƙarshe, ta ce ta fi son ta haka. Mma ta daina firgita in an ƙwanƙwasa ƙofa. Ni kuwa ko a jirgin ƙarƙashin ƙasa nake, da na fito sama sai in duba ko ana ruwa a Zariya. Cikin watan Agusta aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, na kira Gwaggo ba ta shiga, na kira surukar ba ta shiga. Ranar na yi kukan da ban yi a Dagenham ba. Mma ta zaunar da ni ta dafa mini shayi, tana cewa ka yi haƙuri, Allah yana nan. Sai da yamma waya ta shiga. Gwaggo ta ce me ya faru nake haki. Wuri ɗaya ne ke ɗiga, ta tara masa roba, kuma hayaƙin murhunta ya kori garar da ta fara cin azara.

Na sake rubuta aikin Dokta Selin. Wannan karon a kan matan da ke wanki na yi shi, da gungumen da aka tokare dutse da shi. Ban janye maganata ba cewa kango abin kunya ne a wurinmu, na dai ƙara da abin da Gwaggo ta ce. A shafin ƙarshe na sa hoton da surukarta ta ɗauka ranar Asabar ɗin nan, kafin a sare cediya: baka, bishiya a sama, shanya a ƙasa, tsohuwa da akuya. Dokta Selin ta ajiye shi kusa da hoton zanen ta kalle su. Sannan ta tambaye ni, a hankali, ko yanzu an yarda ta ce yana da kyau. Na ce an yarda, amma ta fara kallo daga ƙasa.

Ruwa ya ɗauke, zauren na tsaye. Yaya Lawal bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Matarsa ce ta gaya mini ya daina ɗaga wayar masu shaguna, kuma ranar Juma'a yakan biya ya zauna a zauren ya ci tuwon Gwaggo.

Ina haɗa kaya a Catford saƙon muryarta ya shigo. Ta ce ta tara matan unguwa sun yi wa zauren sabon daɓe, Malam Tanko ya zaro saiwa biyu ya cike. Sannan ta ce akwai wani abu. A kan rufin, can gefen indararo, wani ɗan tsiro ya leƙo, ganyensa biyu, bai kai tsawon yatsa ba. Malam Tanko ya ce zai hau ya cire, ta hana shi.

"Na ce masa wannan aikin yana da mai shi tun tana ƙarama. Ki yi sauri, Uwata, kada ya yi saiwa."

Na rufe akwatin, na kira Yaya Lawal na ce ranar da zan sauka ya tanadar mini tsani.